Begilar da ba ta da suna

Takarda ta farko da na samu a Jamus wadda ba daga ofishin baƙi ta fito ba, a ƙarƙashin ƙofa na tsince ta. Satina uku ke nan a wani ƙaramin gari kusa da Bamberg, inda na zo a 2021 don koyon aikin jinya. Maƙwabciyata ta bene ce ta rubuto, da hannu mai kyau irin na malaman firamare na da. Ta ce Lahadi ranar hutu ce, kuma a gidan nan ba a hayaniya daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, haka ma bayan 10 na dare. Ba zagi, ba Allah ya isa. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata. Da a gida ne da ta leƙo ta taga ta surfa mini, da yamma kuma a aiko mini da tuwo, magana ta wuce. Wannan takarda kuwa kwana uku tana hana ni barci.

Abin da ya jawo ta begilata ce. Turawa tirampet suke cewa, amma mu da muka tashi a barikin 'yan sanda a Kaduna begila muke ce wa duka, mai maɓalli da marar maɓalli. Kawuna ɗan badujala ne, shi ya koya mini busa tun ina shekara 11, kuma tsohuwar tasa ya ba ni da zan taho: ƙirar Indiya, mai walda ya taɓa ta a wuri uku, fistin ɗin tsakiya sai an ɗiga masa kananzir yake motsi. A makarantar Kawu darasi ɗaya ne, a ji ka daga ƙarshen filin fareti. Wanda ba a ji shi ba bai busa ba.

Daga baya na gane ashe rigimar mabusa da maƙwabta a ƙasar nan har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta taɓa kaiwa, a 2018, kan wani mabushi a Augsburg. Alƙalai suka zauna suka auna, suka ce busa na awa biyu zuwa uku a ranakun aiki, ɗaya zuwa biyu a Lahadi da ranakun hutu, wannan ba laifi. Mutanen da ke kai begila gaban alƙali, na ce a raina, lallai na zo inda sai na sake koyon zama.

Wata ma'aikaciya a wurin aikinmu ce ta ce in je Musikverein, ƙungiyar busa ta gari. Kusan kowane ƙauye a yankin yana da tasa. Manoma ne da direbobi da 'yan makaranta da 'yan fansho, suna haɗuwa sau ɗaya a mako, su ne ke busa a bikin gari da jerin gwanon coci da jana'iza. Ranar farko aka ba ni kujera a layin begila kusa da wani tsoho, makanike mai ritaya, wanda har yau Baba nake ce masa, shi kuma ya karɓa ba tare da ya tambayi ma'ana ba. Ban yi minti biyar ba madugu ya tsayar da kiɗa ya dube ni ya ce, "Leiser." Wato a sassauta. Na sassauta. Ya sake cewa leiser. Da na ƙara sassautawa sai begilar Kawu ta yi shiru ɗif, iska kawai ke fita, fuu, kamar taya ta yi faci. Ba ta san raɗa ba, ba a taɓa neman ta yi ba.

Shekara biyu ina tara kuɗin sabuwar begila daga ɗan abin da ake biyan mai koyon aiki, bayan haya da na aikawa gida. Inna ban gaya mata ba. A wurinta mai busa maroƙi ne ko da kwat yake sawa, kuma ba ta sayar da filin gadonta aka biya kuɗin koyon Jamusanci don ɗanta ya je Turai ya zama maroƙi ba.

Duk wanda na tambaya suna biyu yake kira, Bach ko Yamaha. Bach Stradivarius ta Elkhart a Amurka ita ce ma'auni, musamman mai lamba 37, kuma a lokacin ta haura yuro 3,000. Ni ma ita na sa a rai, ba don na taɓa busa ta ba, sai don ina so ranar da na buɗe akwati a gaban 'yan ƙungiya kowa ya gani ya yi shiru. Baƙo yana da wannan ciwon, na son riƙe abin da ba sai ya yi bayani ba.

Baba ne ya ɗauke ni a motarsa wata Asabar zuwa Treppendorf, ƙauyen da shagon kayan kiɗa na Thomann ya fi shi kansa girma. Ya ce in taho da bakin busa na kaina, mai lamba 3C da leɓena ya saba da shi, don in an canja baki da begila lokaci ɗaya ba a sanin wanda ya yi aikin. Aka shigar da mu ɗakin gwaji aka jera mini huɗu: Bach, Yamaha Xeno, wata CarolBrass ta Taiwan, sai wata B&S Challenger da Baba ya sa aka ƙaro. Na dube ta na kau da kai.

Daga nan ya shimfiɗa dokarsa. Ni zan rufe ido, ya miƙo mini ɗaya, ya koma ƙarshen ɗaki ya juya baya. Kuma ya hana ni abin da kowane mabushi ke fara yi a shago, wato hawa sama a tsaga kunnen jama'a. Ya ce in ja murya ɗaya doguwa, in fara da ƙarfi in yi ta rage ta har in ga inda za ta mutu. Sannan in yi akasin haka, in taso da ita daga shiru ba tare da na buga harshe ba. Sannan muryoyin nan biyu na ƙasa da ke ɗagawa sama a kowace begila sai an turo bututu na uku da yatsa, in ji nawa kowacce ke buƙata. Abu ne mai gundura, mun fi awa biyu a kai, leɓena har ya fara kumbura.

Dukansu huɗun kayan ƙwararru ne, faɗin bututunsu ma kusan ɗaya, wajen milimita 11.7. Amma rufe ido yana tona asiri. Akwai wadda muryarta ta cika ɗakin har na ji a ƙirjina, sai dai tana son leɓe da ya fi nawa horo. Akwai wadda komai nata daidai yake kamar an ja layi da rula. Sai wata da na yi ta rage murya ina jiran ta yanke, ta ƙi yankewa, ta siranta kamar zaren gizo amma tana nan. Sau uku Baba yana cakuɗa su, sau uku ina cewa wannan. Na tabbata a raina Bach ce. Na buɗe ido na ga B&S.

Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Na tambayi Baba me ya sa ban taɓa jin kowa ya yaba ta ba, alhali a ƙasar nan ake ƙera ta. A hanyar dawowa ya ba ni labari. A Markneukirchen ake yin ta, wani ɗan gari a jihar Saksoni dab da iyakar Czech, inda ake ƙera kayan kiɗa fiye da shekara 300. Waɗanda suka kafa sana'ar ma 'yan gudun hijira ne, maƙera goge da rikicin addini ya koro daga Bohemiya, suka kafa ƙungiyarsu a 1677. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu garin ya faɗa Jamus ta Gabas, masana'antar ta zama ta gwamnati, kuma mutanen Yamma irin tsaransa sun tashi da raina duk abin da ya fito daga can. An haɗe ƙasa tun 1990, raini bai gama haɗewa ba. Ya ce shi kansa sai da ya tsufa ya yarda ya sa bakinsa a ɗaya.

Kuɗinta kusan rabin na Bach. Da ragowar na sayi abin toshe mata baki don atisaye a ɗaki, da kwalbar mai na gaske, na biya Baba abincin rana da ƙyar, don sai da muka yi ja-in-ja a gaban mai karɓar kuɗi. A atisayen da ya biyo baya babu wanda ya yi shiru da na buɗe akwati. Wani yaro ya leƙo ya karanta sunan ya ɗaga kafaɗa. Madugu dai bai ce leiser ba a daren, kuma da aka tashi aka zauna shan abin sha, ni da ruwan tuffa na su da giyarsu, ya ce in daina ce masa Sie, wato "ku" na girmamawa, in riƙa ce masa du, "kai" na abokai. Wanda ya zauna a Jamus ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, ni aka tsayar ni kaɗai a gaban dutsen sunaye, cikin sanyin da ke manna ƙarfe a leɓe, na busa a hankali.

Kawu na kira ta WhatsApp na jingina wayar a kan tebur na busa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi gyaran murya.

"Nawa ka ce ka saye ta?"

Na faɗa masa da naira. Ya yi salati.

"Ɗana, an cuce ka. Wannan ai ko daga bakin gate ba za a ji ta ba. In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da tawa."