Auna Fahimta a Turanci: Shirin Babban da Ya Koma Neman Digiri

Malamin firamare mai takardar NCE, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma da ya bar aji shekara goma sha biyar, matar da ta yaye 'ya'ya ta ce yanzu sai digiri, duk idan aka zo maganar takardar Turanci kukansu ɗaya ne: "Ban san kalmomi da yawa ba." Daga nan sai a sayi ƙamus a kama hadda. Sanin kalmomi yana da amfaninsa, amma a sashen auna fahimta, makin da babba yake asara saboda ƙarancin kalmomi bai kai wanda yake asara ba saboda ya amsa tambaya da abin da ya sani a rayuwa, ya bar abin da ke rubuce a gabansa.

Bari mu fara da sanin girman aikin. Jarrabawar shiga jami'a ta UTME, wadda hukumar JAMB ke shiryawa, tambaya 180 ce cikin awa biyu, a kan kwamfuta. Turanci dole ne ga kowa, kuma shi ke da kaso mafi yawa, tambaya 60, sauran darussa uku kowanne 40. Idan ka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya ta tashi a daƙiƙa 40, wato Turanci gaba ɗaya bai kamata ya ci maka fiye da minti 40 ba. Wanda kuma bai da kiredit a Turanci tun daga sakandare, sai ya koma ya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, inda amsar auna fahimta da ta taƙaitawa da hannu ake rubuta su, babu zaɓin A zuwa D da za a jingina da shi. Ko bayan an shiga jami'a aikin yana nan: ɗaliban jami'ar karatu daga gida ta NOUN suna da darasin Turanci na dole a shekarar farko, sauran jami'o'i ma suna da irin wannan darasi da sai an ci shi ake ba da digiri.

Ga misalin jimla irin wadda ake samu a matani, mu dube ta da kyau:

"Although the new borehole was completed in March, few households used it until the price of a jerrican of water was reduced."

A ce an tambaye ka abin da ya hana mutane amfani da rijiyar burtsatsen da farko, aka ba ka zaɓi huɗu: ba a gama aikin a kan lokaci ba, yawancin gidaje sun fara ɗiba tun watan Maris, kuɗin jarka ya yi musu yawa, ruwan ba shi da tsabta. Yaro ɗan shekara sha bakwai zai iya faɗuwa a zaɓi na biyu saboda gaggawa, ya ga "March" ya ga "used" ya danna. Babba kuwa na farko da na huɗu ne suke kama shi, domin ya ga rijiyoyin da ɗan kwangila ya yi watsi da su, ya kuma sha ruwa mai gishiri-gishiri a wata unguwa. Duka biyun suna faruwa a duniya, amma jimlar ba ta faɗe su ba. Abin da ta faɗa shi ne an rage kuɗi sannan mutane suka zo. Mai tsara tambaya ya san da wannan hali, da gangan yake saka zaɓin da yake gaskiya a waje amma babu shi a matani.

Maganin abin shi ne ka ɗora wa kanka doka tun a wajen atisaye: kada ka zaɓi amsa sai ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya ba ka ita. A gefen kowace amsa rubuta lambar sakin layi da fensir. Idan ka nemi layin ka rasa, to daga kanka amsar ta fito, ka sake duba sauran zaɓin. Makon farko wannan zai ninka maka lokacin aiki, kuma za ka ji kamar ana mayar da kai baya. Daure. Bayan wasu makonni ido zai saba da komawa wurin da ya dace tun kafin ka gama karanta tambayar.

A cikin waccan jimla ɗaya ta rijiyar burtsatse akwai ƙananan kalmomi uku da suka riƙe ma'anar duka: "although", "few" da "until". Irin su ne ya kamata a ba lokacin da ake ɓatarwa wajen haddar manyan kalmomi. "Few" na nufin kusan babu, "a few" na nufin akwai 'yan kaɗan, harafi ɗaya ya juya zancen. Haka "little" da "a little". "Hardly" da "scarcely" korewa ce ko da ba ka ga "not" ba. "Unless" sharaɗi ne mai korewa a ciki. "However", "yet" da "nevertheless" kuwa alama ce cewa marubuci zai juya wa abin da ya faɗa baya, kuma sau da yawa ra'ayinsa na gaskiya yana bayan wannan juyawar, can ne tambayar manufar marubuci take ɗauko amsarta. Duk lokacin da ka haɗu da ɗaya daga cikinsu a atisaye, zagaye shi. Ba su da yawa, shafi ɗaya na littafin rubutu zai ɗauke su.

Akwai wurare biyu da Hausarmu take sa mu tuntuɓe, kuma ba a cika yi wa ɗalibai bayaninsu ba. A Hausa, komai tsawon bayanin da ka yi a kan mutum, kafin aikatau sai ka saka "ya", "ta" ko "suka": "Manoman da gwamnati ta ba taki bara a jihohi uku sun koka." Wannan "sun" ɗin ne yake gaya maka an iso ga ainihin aikin, kuma ga masu yin sa. Turanci ba ya saka wannan alama. Ana iya jera kalmomi ashirin tsakanin mai aiki da aikatau, Bahaushe yana jiran alamar da ba za ta zo ba, sai ya haɗa aikatau da sunan da ya fi kusa da shi. Idan jimla ta yi tsawo, ja layi ka soke duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, da duk ɓangaren da ya fara da "who" ko "which", ka karanta abin da ya rage. Da ka gane wa ya yi me, sai ka mayar da abin da ka soke.

Na biyu shi ne wakilin suna. Mu komai ko "shi" ne ko "ita", kuma jinsin yana taimaka mana mu gane abin da ake nufi: rijiya ita, ruwa shi. A Turanci rijiya da ruwa da farashi da jarka duk "it" ne. Don haka idan ka ga "it", "this" ko "they", tsaya ka cire shi ka saka sunan da kake zato, ka sake karanta jimlar. In ma'ana ta tafi daidai, ka same shi. Masu jarrabawa suna son tambayar nan sosai, kuma makinta mai sauƙin samu ne ga wanda ya saba.

Sai maganar sauri. Yawancin manya suna karatu da baki, leɓe yana motsi, kuma suna fassara kowace kalma zuwa Hausa a zuci kafin su wuce. Auna kanka: ɗauki rubutu mai kalma 300, saita agogon waya, karanta. Wanda ya ɗauki minti uku yana karanta kalma 100 a minti, idan ya karanta shi sau biyu minti shida sun tafi bai taɓa tambaya ko ɗaya ba. Hanyar rage wannan ita ce karanta kalmomi uku ko huɗu a dunƙule, baki a rufe, fensir yana tafiya ƙarƙashin layi ba tare da komawa baya ba. Kalmar da ba ka sani ba, yi mata ɗigo ka wuce. Sau da yawa jimlar gaba za ta bayyana ta, wani lokaci ma ba a tambaye ka a kanta ba.

Minti talatin zuwa arba'in a kullum sun fi awa huɗu ranar Lahadi, domin wannan sabo ne ake ginawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan sallar asuba ya fi wa mai iyali, kafin gida ya tashi. Matani ɗaya ya isa, a bi shi sau uku. Karo na farko da agogo, babu ƙamus, a amsa tambayoyi. Karo na biyu a duba amsoshi, a buɗe ƙamus don kalmomi biyar kawai, waɗanda rashin sanin su ya hana fahimta, a rubuta kowace tare da jimlar da ta zo a ciki, domin kalmar da aka rubuta ita kaɗai saurin ɓacewa take yi. Karo na uku a rufe littafi a rubuta abin da kowane sakin layi ya ce a jimla ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ne shirin sashen taƙaitawa na WAEC, inda kwafo jimlar matani yadda take yake jawo asarar maki, sai ka faɗi abin da kalmominka kuma a cikakkiyar jimla.

Abin da na fi so kowane ɗalibi ya riƙe shi ne littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili a gajarce: na amsa daga sanina, ƙaramar kalma ta wuce ni, na ɓata wakilin suna, ban karanta tambayar da kyau ba, lokaci ya ƙure. Bayan mako biyu ƙirga. Za ka ga dalili ɗaya ko biyu ne suka cinye mafi yawan makin, sai ka san inda za ka sa ƙarfi. Dalilin nan na huɗu yana da ban takaici, domin yawanci "not" ko "except" ne a cikin tambayar mutum bai gani ba, ya zaɓi abin da yake daidai alhali kishiyarsa aka nema.

Kayan atisaye ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC suna nan a shagunan littattafai, sai dai kada ka ɗauki amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai a matsayin hukuncin ƙarshe, ana samun kuskuren bugu. Dokar ɗora yatsa ita za ta raba gardama. Shafin ra'ayin jarida na Daily Trust yana da irin ginin da matanin jarrabawa ke da shi: a kawo matsala, a kawo hujjar wani ɓangare, a juya, a yanke. Wanda Turancinsa ya yi sanyi sosai zai iya fara karanta labari a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ya nemi labarin abin da ya faru ɗin da Turanci, tunda ya riga ya san zancen hankalinsa zai tafi ga yadda aka gina jimloli. Amma bayan wata ɗaya ya bar wannan, domin ranar jarrabawa babu mai ba shi labarin tun da farko.

A sashen cike gurbi, karanta matanin duka tun daga farko har ƙarshe kafin ka cike ko ɗaya. Zaɓi biyu za su iya zama daidai a nahawu, abin da zai raba su shi ne fannin da ake magana a kai, ko kotu ce, ko asibiti, ko banki, kowane da kalmominsa.

Makonni biyu na ƙarshe a bar takarda a koma fuskar kwamfuta, ko da a shagon intanet ne na awa ɗaya, kuma wanda ya samu dama ya rubuta jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaske. Karatu a allo daban ne, babu fensir, babu zagaye kalma, ido kan ɓace wa layi. A ɗakin jarrabawa madannan A, B, C da D ne na zaɓin amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya. Tambayar da ta riƙe ka fiye da minti ɗaya, zaɓi wadda ta fi kusa, danna N, in lokaci ya rage ka dawo mata da P.