Yadda na farfaɗo da madubin gefen tsohuwar motata

Motar da nake hawa Toyota Camry ce ƙirar 1999 wadda mahaifina ya bar mini, kuma kusan shekara biyu ke nan madubinta na gefen dama ya daina amsa makunni. Duk lokacin da ɗan adaidaita sahu ya goge shi a cunkoson Kantin Kwari, sai na nemi wurin tsayawa na zagaya na daidaita shi da hannu, ban san cewa wannan turawar tana ƙara cinye haƙoran da ke ciki, waɗanda suke juya gilashin, ba.

Da farko niyyata ita ce in sayo na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa in huta, amma wani dattijo mai gyaran wayar mota ya dakatar da ni. Ya ce, "Alhaji, kafin ka fitar da kuɗinka, danna makunnin ka kasa kunne. In ka ji ƙara, madubin nan bai mutu ba." Na danna, na kuwa ji wata 'yar ƙara daga ciki. Tun da na hagu yana aiki, mun san fiyus lafiyarsa ƙalau.

Ranar Asabar na cire kan batir, na buɗe murfin ƙofa ta ciki, na zare soket, sannan na kwance noti uku da sifana lamba 10. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Inda haƙuri ya zama dole shi ne raba gilashin da mazauninsa, domin 'yan ƙugiyoyin roba ne suke riƙe da shi, kuma robar da ta sha ranar Kano fiye da shekara ashirin ba ta jure garaje. Na karkatar da gilashin gefe guda, na naɗe bakin sukudireba da tsumma, na riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har ya saki.

A bayansa akwai ƙananan injina biyu masu aiki da wutar batir mai ƙarfin volt 12, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Wayoyi uku ne suke shiga, ɗaya daga ciki ta haɗin gwiwa ce, kuma aikin makunni shi ne juya hanyar wutar domin injin ya juya gaba ko baya. Abin da na tarar ya ba ni tausayi: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta cakuɗe da tsohon giris har ta daskare kamar busasshiyar laka, ta riƙe haƙoran gam. Ban wanke da fetur ba, ko da yake shi ne abin da hannun makanikai ya saba kaiwa gare shi, saboda yana ɓata wasu nau'o'in roba. Da tsohon buroshin haƙori da tsinke na share su ɗaya bayan ɗaya, na shafa giris na silikon ɗan kaɗan. Haƙori guda ya riga ya tsage, don haka na koma Ƙofar Ruwa na sayi fasasshen madubi irin nawa da araha, na ciro nasa.

Da na gwada kai tsaye a jikin batir, injinan biyu suka motsa, amma da na mayar a mota sai sama da ƙasa ya ƙi. Laifin yana cikin robar nan da wayoyi suke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, inda buɗewa da rufewa suka karya waya ɗaya daga ciki alhali bawonta yana nan lafiya. Dattijon ne ya gano ta, ya haɗa da dalma.

Abin da ba na goyon baya shi ne yadda ake like gilashi da gam a jikin gidansa don gudun ɓarayi ko don a huta da gyara, da kuma yanko madubin ɗaki a maye gurbin na asali. Na dama ɗan kumburarre ne da gangan domin ya nuna fili mai faɗi, kuma shimfiɗaɗɗe yana ɓoye mai babur da ke tafe ta gefenka. Nawa na asali ne na mayar, kuma jiya a titin Zariya na daidaita shi daga inda nake zaune. Na hagu ma ya fara nauyi, Asabar mai zuwa zan buɗe shi.