Liyafar 'yan kasuwa a Birnin Shehu

Katin gayyatar ya zo mini ne ta hannun wani abokin cinikina da ke sarin takalma a wurina yana kaiwa Sakkwato. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta shirya liyafar cin abincin dare domin karrama waɗanda suka yi fice a shekarar, shi kuma yana cikin masu shiryawa. Sana'ata ɗinkin takalma da jakunkuna ce a Kano, wajen Ƙofar Wambai. Mafi yawan fatar akuyar da nake yankawa daga ƙasar Sakkwato take fitowa, amma ban taɓa taka garin ba. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin shirya jaka.

Sammako muka yi, ana tsakiyar hunturu, domin duk direban da ya san hanyar nan ba ya son duhu ya riske shi a dajin Zamfara. Daga Gwarzo zuwa Dayi, Malumfashi har Funtuwa, hira ake yi sosai a motar, ana ta musu kan farashin masara. Muna doshin Tsafe sai kowa ya kama bakinsa, mai carbi ya ciro carbinsa. Ga shingayen jami'an tsaro nan bi da bi, ga gonaki a gefen titi waɗanda da gani ka san an daɗe ba a sa musu garma ba. Sai da muka hango duwatsun Kwatarkwashi, muka shiga Gusau, sannan murya ta dawo wa mutane. Nan muka ci abinci muka yi sallah. Duk ɗan kasuwar da ke kukan tsadar kayan da ke fitowa daga wannan yanki, ya kamata ya bi hanyar nan ko sau ɗaya, ya ga abin da direbobi da fatake ke sa ransu a ciki kafin kaya ya iso rumfarsa.

Bayan Talata Mafara ƙasa ta fara sauyawa. Itatuwa suka yi ƙaranci, sarari ya buɗe, raƙuma da jakuna suka yawaita a bakin hanya. Muka wuce Tureta da Dange da Shuni, muka shiga gari kafin magariba.

Washegari da safe mai masaukina ya ce ba a zuwa Sakkwato a fara da wani abu kafin Hubbare. Muka je muka yi ziyara inda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, a garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Muka biyo ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, sannan ya zagaya da ni babbar kasuwa, yana nuna mini ɓangaren da gobarar watan Janairun 2021 ta cinye. Mu mutanen Kano idan an ce Sakkwato malamai da sarauta ne ke zuwa mana a rai. A kasuwar nan na ga ɗayan gefen: shinkafar fadama, tafarnuwa, buhunan albasa, da baƙi daga Nijar suna ciniki da sefa a aljihu.

Liyafar a ɗakin taron wani otal aka yi ta, bayan sallar isha'i. Manyan riguna da rawuna, ƙamshin turare ko'ina, mata kuma cikin leshi da manyan mayafai. An buɗe da addu'a, aka shiga jawabai. Teburan gaba na manajojin banki ne da 'yan kwangila da wakilan gwamnati. Ni aka kai ni wani tebur can kusa da ƙofa, na tarar da mutum uku: wani dattijo mai farin gemu da tafin hannunsa ya rine, wani Alhaji mai fataucin albasa daga wajen Wurno, da wata Hajiya da ke sarrafa tafarnuwa da citta zuwa gari tana ƙullawa a leda.

Mun gaisa, na zauna, sai na lura dattijon ƙafata yake kallo. Can ya ce, "Ɗana, wanga takalmi kai kaɗ ɗunka shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Miƙo in gani."

Na cire na miƙa masa ta ƙarƙashin tebur. Ya lanƙwasa shi, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Wagga fata tamu ta. Jar akuya. Amma mahaucin da yaf feɗe ta gaggawa shikai, ga sawun wuƙa nan."

Tabon da ya nuna mini na san da shi, ni na ɓoye shi a cikin ɗinki, ban kuma zaci akwai idon da zai gano shi ba. Ashe majemi ne, gadon gidansu ke nan tun kakanni. Daga nan ban ƙara jin abin da ake faɗa a lasifika ba. Ya yi mini bayanin abin da ya sa fatar jar akuyar Sakkwato ta fita daban: ga laushi ga ƙarfi, fuskarta sumul, tana karɓar rini ba gardama. Ita ce ayarin raƙuma ke ketare Sahara da ita tun zamanin da, Turawa su saya a hannun 'yan kasuwar Maroko su ɗaure littattafai da ita, har suka riƙa jingina ta ga waccan ƙasa. Ya faɗa mini yadda suke jima: a jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, sannan ta kwanta a ruwan bagaruwa har ta jemu, a shafa mai, a shanya a inuwa. Ja kuwa daga karan dafi ake samo shi. Ya ce aikin majemi tun akuya na da rai yake farawa, domin ƙaya da ƙazuwa da dukan makiyayi duk suna fitowa a jikin fata, kuma babu bagaruwar da ke goge su.

Abin da ya fi damunsa shi ne fata mai kyau ba ta tsayawa a garin. Ana zuba mata gishiri ɗanya, a loda a mota zuwa kamfanonin jima na Kano, su Challawa da Sharaɗa, daga can kuma mafi kyawunta ya wuce Italiya da Sifen. Abin da ya rage shi majeman gargajiya ke rububi. Da na faɗa masa nawa nake sayen jemammiyar fata guda a Kano, sai ya yi shiru, ya sa na maimaita. Abin da ke shiga hannunsa bai fi rabin haka da kaɗan ba. Ba na zagin dillalai. Su ke bin hanyar da na biyo, su ke ba mu bashi idan kasuwa ta tsaya, haƙƙinsu ne su ci riba. Amma a ce shekara da shekaru ina cin abinci da aikin hannun mutanen nan, su ma suna ci da nawa, ba wanda ya san sunan wani, wannan ya tsaya mini a rai.

Alhaji mai albasa ya ce nasu ciwon ajiya ce. Lokacin da aka kwashe albasar rani takan yi arha har manomi ya rasa kuɗin buhu, a zuba ta a rudu, zafi da damina su ɓata mai yawa, wadda ta tsira kuma ta yi tsada a ƙarshen shekara. Ya ba mu labarin yadda rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya tsayar da harka tsakanin Illela da Ƙonni, aka sake komawa gidan jiya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. "Albasa ba ta jiran a gama siyasa," in ji shi. "Kwana kaɗan cikin mota, sai wari."

Aka kawo abinci, tuwon shinkafa da miyar taushe, masa, gasasshen naman rago, ga fura da nono mai sanyi ga wanda ba ya son lemon kwalba. Sannan aka fara kiran sunaye. Yawancin lambobin yabon teburan gaba suka tafi, ana tafi ana ɗaukar hoto. Ba na jayayya da cancantarsu. Sai dai in ka cire masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta tun 1962, manyan masana'antu ba su da yawa a jihar nan. Dukiyarta tana hannun manoman fadamar Rima, da makiyaya, da mahauta, da majema da dukawa. Jerin kyaututtukan bai nuna haka ba. Babu rukuni ko ɗaya na sana'ar hannu, kuma na faɗa wa mai masaukina haka a daren, ya ce zai kai maganar gaban kwamitinsu.

Wuri ɗaya ne zuciyata ta yi fari tas. Da aka zo rukunin mata masu ƙananan sana'o'i, sunan Hajiyar teburinmu aka kira. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta kasa tashi, sai da dattijon ya ce, "Tashi, ɗiyata, ke aka kira." Dama ta ba mu labarin yadda ta fara da turmi da tabarya a tsakar gida, ta sayi injin niƙa da kuɗin adashe, ta yi ta zirga-zirga har ta samu lambar NAFDAC, wadda ita ta buɗe mata ƙofar manyan kantuna. Yanzu matan unguwarsu da dama a wurinta suke samun na cefane, masu ɓare tafarnuwa da masu ƙulli. Mu uku muka miƙe tsaye muna tafi har ta dawo. Kafin ta zauna Alhaji ya riga ya fara tambayarta ko injinta zai iya da busasshiyar albasa, suka karɓi lambar juna.

Da hantsi washegari ɗan dattijon ya zo ya ɗauke ni a babur zuwa majemarsu. Warin wurin sai wanda ya saba, amma ni warin abincina ne. Na ga ramukan jima, na ga matasa tsugune suna kankarar gashi, na ga jajayen fatu a shanye a kan igiya. Baba ya baje mini dauri guda a kan tabarma, ya ce in zaɓa da kaina. Muka zauna muka yi magana ta gaskiya. Ni sharaɗina fata marar sawun wuƙa, mai kauri ɗaya. Shi kuma nasa a ba da rabin kuɗi tun farko, saboda mahauta ba sa ba shi bashi. Ɗansa zai riƙa turo mini hotunan fatun ta WhatsApp kafin a ɗaure, a sa a motar tasha, in tura cikon kuɗi ta banki idan kaya ya sauka. Farashin da muka tsayar ya ɗara wanda yake samu, ya kuma gaza wanda nake biya. Muka yi musabaha, ya sa aka shafa fatiha.

Ban samu zuwa shiyar Madunka wurin dukawa ba, ga shi na so ganin yadda suke yin tumtum, domin motar Kano ba ta jira. Daurin farko ya iso mini lafiya bayan na koma, fata biyu kacal na ware saboda tabo, na kira Baba na faɗa masa, ya ce a cire kuɗinsu daga lissafi. Takalmin farko da na yanka daga ciki na Alhaji mai albasa ne, wanda ya ba ni awon ƙafarsa a bayan katin gayyata tun a wurin liyafar.