Sunansu ɗaya, amma ba halinsu ɗaya ba

Aikina na farko bayan na gama karatu a Ngaundere shi ne kula da kwamfutocin wata ƙaramar ma'aikatar ajiya da ba da rance a Garwa, a ƙasar Kamaru. A can ƙuryar ofis akwai ɗaki mai na'urar sanyaya iska guda ɗaya, kuma a ciki wata tsohuwar saba ce ƙirar Sun, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, take ta gurnani dare da rana. Solaris 10 ne a kanta, tsarin da ya fito tun 2005. Duk lissafin masu ajiya a cikinta yake, daga mai sayar da kifin Binuwai har dillalin auduga. Kowane dare ƙarfe ɗaya, cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara mata, yana tayar da wani rubutun umarni mai layi kusan ɗari, ya kwafe bayanan ranar zuwa wani faifai na daban.

Dattijon da na tarar a wurin, wanda kowa ke kira Baba, shi ya rubuta shi shekaru da yawa kafin zuwana. Ni kuwa na zo da ɗokin ShellCheck, manhajar da Vidar Holen ya rubuta da harshen Haskell, wadda ke karanta rubutun umarni ta nuna kurakuransa ba tare da ta gudanar da shi ba. Ɗora ta a kan tsohuwar sabar wahala ce, don haka na kwafo rubutun a filasha, na buɗe shi a laftof ɗina mai Ubuntu. Gargaɗi ya cika allo.

Dole in yi mata adalci, domin ta gano abin da ya tayar mini da tsigar jiki. Akwai layin da ke cewa cd $AJIYA, a ƙarƙashinsa kuma rm -f *. Wato shiga jakar ajiya, ka share tsoffin fayiloli. To idan shigar ba ta yiwu ba fa? A ce an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a Garwa musamman a zafin Maris da Afrilu, faifan bai dawo daidai ba. Rubutun ba zai tsaya ba, zai yi sharar ne a duk inda ya tsinci kansa. Wannan shi ne gargaɗi mai lamba SC2164, maganinsa kuma ƙara || exit a ƙarshen layin. Sai SC2086, mai cewa a sa sunan ma'aji, wato suna irin $AJIYA da ke riƙe da wata ƙima, cikin alamar zance, don kada sunan fayil mai tazara a tsakiya ya rabe gida biyu. Irin wannan sakaci ba na ƙananan ofisoshi kaɗai ba ne. A farkon 2015 an gano wani layin rm -rf a manhajar Steam ta Linux da ke iya share fayilolin mutum kaf idan ma'ajin da ya dogara da shi ya zo babu komai a ciki.

Da na ga haka sai na ba ta amana gaba ɗaya. Duk abin da ta nuna, na gyara. A ciki har da SC2006, wanda ke cewa a daina amfani da tsohuwar alamar nan mai kama da waƙafi a kife, a koma $(...) wajen ɗauko sakamakon umarni. Na gwada a laftof da sh, wato harsashi, manhajar da ke karanta rubutun umarni ta aiwatar da shi, komai ya tafi sumul. Na mayar da rubutun kan saba ranar Litinin da yamma, na tafi gida da farin ciki.

Ranar Alhamis da safe Baba ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna mini allo da yatsa ya ce, "Ɗana, duba kwanan watan fayil na ƙarshe." Na daren Lahadi ne. Dare uku babu kwafin ajiya ko ɗaya. Da faifan farko ya mutu a tsakanin nan, da kuɗin mutane na kwana uku ya koma sai abin da aka tuna da ka ko aka rubuta a takarda. Na ce, "Baba, wallahi na gwada, ya yi aiki." Ya ce, "A ina ka gwada?"

A wannan tambaya komai ya warware. Abin da ake kira /bin/sh a laftof ɗina dash ne, wanda Ubuntu ta koma kansa tun 2006, kuma yana bin ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda ya kamata harsashi ya yi aiki a tsare-tsaren dangin Unix. Abin da ake kira /bin/sh a Solaris 10 kuwa tsohon harsashin Bourne ne, jikan wanda Stephen Bourne ya fitar da Unix na bakwai a 1979. Bai san $(...) ba sam, da ya ci karo da bakan sai ya ce kuskure ne ya tsaya. Bai san test -e ba, kuma ba ya karɓar export tare da ba da ƙima a layi ɗaya. Wanda ke bin POSIX a wannan saba yana can a /usr/xpg4/bin/sh. ShellCheck ba ta yi ƙarya ba: idan ta ga sh, POSIX take nufi. Ko checkbashisms ta Debian da na gwada daga baya, ita ma ba ta ce uffan a kan layin ba, domin aikinta farautar abubuwan da suka keɓanta ga wani harsashi mai suna bash ne kawai.

Baba ya jawo kujera ya buga sh -n da sunan rubutun, a kan sabar kanta. Wannan umarni yana karanta rubutu ne bai gudanar da komai ba. Cikin ƙiftawar ido ya fito da lambar layin da na ɓata. Amma ya nuna mini cewa shi ma yana da iyaka, kuma wannan ne ya fi zauna mini a rai. Inda na sa $(date) cikin alamar zance, tsohon harsashin ba ya ƙorafi, yana ɗaukarsa a matsayin haruffa zalla. Da sai dai mu wayi gari da fayil mai suna da alamar dala da baka, kowane dare sabo yana danne na jiya. Wannan sai sh -x ke tona shi, mai nuna kowane layi yadda ya kasance a lokacin gudu. Muka sa echo gaban kowane rm don ya nuna umarnin kawai ba tare da an share komai ba, muka bi rubutun layi-layi har azahar.

Gyaran cd da na alamomin zance muka bar su, Baba da kansa ya ce sun daɗe suna jiran mai gani. Tsoffin alamomin kuma muka mayar da su, muka rubuta # shellcheck disable=SC2006 a saman rubutun don ShellCheck ta daina wannan gargaɗin, da bayani layi biyu da Faransanci don wanda zai gaje mu. Na kuma ƙara layin da ke rubuta girman kwafin da lokacin gamawarsa a wani ɗan fayil. A daren ban iya barci ba. Bayan sallar asuba na hau babur na nufi ofis, mai gadi ya buɗe mini, na tarar da fayil ɗin Juma'a yana nan, an gama shi ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu.