Tanko ya sayi doki

Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya, a cikin wasan kwamfuta na Skyrim, Tanko, wanda nake bugawa da shi, ya ƙirga zinari 1,000 ya miƙa wa mai dawakin da ke bakin ganuwar Whiterun, ya kama linzami ya hau. Na ture kujera na miƙe tsaye, har ƙanena da ke kwance a tabarma ya farka yana tambayar ko lafiya. Sati bakwai nake bin wannan dokin. Na san a cikinku akwai wanda zai tara kuɗin nan a yini guda, ya shiga kabari biyu ya kwashe kayan matattu. Tanko ba ya shiga kabari, shi ya sa.

Ga waɗanda ba su ga bayanina na baya ba: Skyrim nake bugawa, Tanko kuma Khajiit ne, wato jinsin mutane masu siffar kyanwa, farke. Abin da ya ja ni tun farko shi ne ayarin Ri'saad, wani madugun fataken Khajiit a wasan, waɗanda ke kafa tantunansu a wajen gari saboda ba a barinsu su shiga. Ranar da na fara ganinsu a bakin Whiterun, wuta na ci a tsakiya, kaya jibge a gefe, sai na tuna hirar kakana. Goro ne ya kawo shi Agege, shi kuma mahaifinsa yana cikin waɗanda suka bi ayarin Gwanja da jakuna. Abin da yake ba mu labari ke nan: madugu a gaba, a sauka a zango a bayan gari, mutanen gari na son kayanka amma suna maka kallon baƙo. Sai na ce to, wannan mutumin zan zama. Dokokin da na ɗora wa kaina: Tanko ba ya taka ƙafa cikin manyan garuruwa biyar masu ganuwa, ko da yake wasan ya yarje wa ɗan wasa ya shiga. Ba ya sata, ba ya taɓa skooma (kayan mayen wasan) ko giya ko da na sayarwa ne, ba ya tona matattu. Na kunna Survival Mode, wato babu tsallen taswira daga gari zuwa gari nan take, ga yunwa ga sanyi, kayan da zai iya ɗauka kuma sun ragu daga 300 zuwa 150. Saƙon da aka ba shi a Riverwood ya kai wa sarkin Whiterun har yau bai kai ba, don haka babu dodanni masu fuka-fuki a duniyarsa, hanya ce kawai da kyarketai da 'yan fashi.

Abin da ya kusa sa ni ajiye Tanko gaba ɗaya shi ne wannan: a Skyrim fatauci ba ya riba. Ko kaɗan.

Ni a kasuwar Mile 12 nake yini, a rumfar albasar Kawu. Abin da na tashi na sani shi ne kaya na da arha inda aka noma shi, yana da tsada inda ake nemansa, tsakanin nan ɗan kasuwa ke cin abinci. Buhun da aka ɗora a mota daga Aliero ba kuɗinsa ɗaya da wanda aka sauke a Legas ba. Da wannan tunanin na shiga wasan. Na sayi fatu da kayan ƙarfe a Riverwood, na ɗauko su a ƙafa, na zauna a zango ina jiran Ri'saad ya iso. Da na buɗe ciniki sai na ga zai biya ni abin da bai kai kashi ɗaya cikin tara na kuɗina ba. Na ɗauka kayan ne ban zaɓa daidai ba. Na canja, na gwada Falkreath, na sake faɗuwa. Sau huɗu ina haka kafin na zauna da biro da takarda.

Ashe farashi a wasan nan bai san gari ba. Kowane kaya yana da daraja ɗaya tak daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, abin da ke motsa farashi shi ne iya bakinka, fannin da suke kira Speech. Tanko ya fara da 15. A wannan matakin, kayan da darajarsa 100 ce za ka saye shi wajen 310, ka sayar wajen 32. Ko ka kai fannin 100, in ba ka buɗe taurarin ciniki ba, wato ƙarin baiwar da wasan ke bayarwa a fannin, saye 200 ne sayarwa 50. Wato duk yadda ka ƙware, wanda ya saya don ya sayar asara zai yi. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gane haka. Bethesda, kamfanin da ya yi wasan, sun zauna sun ƙirƙiri ayari uku, kowanne da shugabansa da masu gadinsa da garuruwa biyun da yake zirga-zirga tsakaninsu, tun 2011, amma ba su bar wa ɗan wasa ƙofar yin sana'ar da ayarin ke yi ba. Kwana uku ban kunna laftof ba.

Wasu daga cikinku sun ce in saka mod, wato gyaran da ake ƙara wa wasan daga waje, mai bambanta farashin garuruwa. Na gode, amma na ƙi. Laftof ɗina da ƙyar take jan wasan a yadda yake, sannan ina so in ga ko Tanko zai rayu a duniyar da aka ba shi.

Kawu ne ya warware mini, ba tare da ya san wasa nake nufi ba. Muna zaune bayan la'asar na ce, “Kawu, in mutum ya je kasuwar da saye da sayarwa ba riba fa?” Ya ce, “To sai ya sa hannunsa a kayan. Ba ka ga mai suya ba? Naman da ya sayo ai ba shi yake sayarwa ba.” Daren nan na koma na dubi abin da Tanko ya iya. Khajiit na farawa da 20 a haɗa magani, kuma a masaukin Riverwood akwai teburin haɗi da kowa ke iya amfani da shi, ba ganuwa ba mai gadi. Shuɗin furen dutse yana nan birjik a gefen hanya, ba na kowa ba. In ka haɗa shi da alkama, magani ɗaya zai fito da amfani biyu, warkarwa da ƙarin lafiya. In ka haɗa shi da fiffiken shuɗin malam-buɗe-littafi, ya fi haka kuɗi.

Alkamar ta ɗan tsayar da ni. Wasan ba ya ɗaukar girbin gonar wani a matsayin sata, za ka iya share gonakin Rorikstead mai gona na kallonka. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na mai da shi ƙwadago: duk dami uku da Tanko ya yanka, biyu zai kai wa manomi a biya shi ladan aiki, ɗaya ya riƙe. Hakan ya rage saurin abin sosai, amma ina kallon Tanko ina ganin mutumin da na sani.

Daga nan tafiya ta miƙe. In haɗa a Riverwood, in sayar wa Lucan har zinarinsa 750 ya ƙare, maimakon in zauna jiran kwana biyu ya sake tara kuɗi sai in gangara Falkreath wurin mai magungunan nan, wadda sunanta Zaria, abin da har yanzu ke sa ni murmushi in na shiga shagonta. In ta kawo ɗan yatsan ƙato ina saye ko da tsada, don shi da alkama sun fi komai kawo kuɗi, shi ne kaɗai kayan da na saya na ci riba bayan na sa masa hannu. Ragowar in kai wa Ri'saad a zango. Sayar da abu mai daraja na ɗaga Speech da sauri, yanzu Tanko yana 41. In ya kai 50 zan buɗe tauraron da ke sa kowane mai shago ya sayi kowane irin kaya, har maƙerin Riverwood ya zama mai sayen magani.

A sati na biyar na yi asarar da ta yi mini ciwo. Dokata ita ce ba na ajiye wasa sai Tanko ya kwanta barci. Batirin laftof ya riga ya mutu, aka ɗauke wuta ina tsakiyar hanyar Rorikstead, aikin awa uku ya tafi, da zinari sama da 400. Washegari na hau mota zuwa Computer Village a Ikeja na sayi batiri naira 25,000, kuɗin da na ware don ɗinkin Sallah. Dokar barcin dai tana nan, ban sassauta ba.

Dokin ba don ado na saye shi ba. Ko kaya sun fi ƙarfin Tanko har ya koma tafiyar hawainiya, in ya hau doki gudu yake yi kamar ba komai a kansa. Iyakar 150 ɗin nan da ta hana ni ɗaukar itace da fatu tare da magani ta faɗi ke nan. Jakin mahaifin kakana ne, a wata siffa.

Damuwata yanzu ita ce halin dawakin wasan nan, da sun ga faɗa sai su afka ciki da kofato, kuma suna mutuwa. So nake in bi ayarin Ri'saad har Markarth, ƙafa da ƙafa, hanyar kuma cike take da Forsworn, 'yan tawayen yankin masu tare matafiya. Abin da na tsara shi ne in riƙa sauka nesa in bar shi bayan dutse kafin in matsa gaba. Wanda ya taɓa kai doki Markarth da rai ba tare da mod ba, don Allah ya faɗa mini inda ya bi.