Ranar Da Tebur Ɗaya Ya Ci Amanata

Aiki na farko da na taɓa karɓa na gina rumbun bayanai, na wani ƙaramin ɗakin karatu ne mai bayar da aron littattafai. A lokacin na iya rubuta SQL, wato yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, daidai gwargwado, sai na ɗauka shi ke nan na gama. Ƙannena masu shigowa wannan fanni, ku saurari inda na yi tuntuɓe, tunda an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tebur guda tak na buɗe, na zuba komai a ciki: sunan mai aro, lambar wayarsa, adireshinsa, sunan littafi, marubucinsa, ranar aro da ranar mayarwa. Rijistar takarda ce kawai na kwafe cikin kwamfuta. Wata uku komai na tafiya lami lafiya, har ina jin kaina.

Sai wata mai yawan aro ta sauya lambar waya. Lambarta tana cikin layi arba'in da wani abu, domin duk aron da ta yi an sake rubuta ta. Na gyara wasu, wasu suka kuɓuce mini, saboda an rubuta sunanta iri uku. Daga ranar rumbun yana da amsa biyu ga tambaya ɗaya, kuma ba wanda ya san wacce ce gaskiya. Bayan haka aka kawo sababbin littattafai, na rasa inda zan shigar da su, tunda a teburina littafi ba ya samun layi sai an are shi. Wata rana kuma na share wani tsohon aro, ashe shi ne kaɗai layin da ke ɗauke da wannan littafi. Littafin yana kan kanta, amma a kwamfuta babu shi.

Abin haushin, an daɗe da magance wannan ciwo. Tun 1970 Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya fitar da tsarin da manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da Oracle suka ginu a kansa. Zuciyar tsarin ita ce kowane bayani ya zauna a wuri ɗaya, sauran wurare su riƙa nuni gare shi. Ni tebur uku ya kamata in yi: na masu aro, na littattafai, da na aro. Teburin aro ba ya buƙatar suna ko adireshi, lambar mai aro da lambar littafi da ranaku sun ishe shi. In mutum ya sauya waya, layi ɗaya za ka taɓa. In kana son ganin komai a haɗe, aikin JOIN ke nan, umarnin da ke haɗa tebura.

Da na sake gini ma ban tsira ba, don na mai da sunan mutum shi ne abin da ke bambanta layi da layi. Ba a yi nisa ba aka samu mutum biyu masu suna ɗaya, aka bi wani bashin littafin da bai taɓa gani ba. Lambar waya ma ba ta yin wannan aiki: mutane suna sauya ta, wani lokaci gida guda lamba ɗaya suke amfani da ita. Ka bar rumbun ya ba kowane layi lambarsa, wadda ba ta da ma'ana balle ta sauya. Sannan ka ɗaure teburan da juna, yadda rumbun zai ƙi karɓar aron littafin da babu shi. Masu aiki da manhajar SQLite su lura, shi ba ya tilasta wannan ɗauri sai ka kunna masa da kanka.

Nau'in bayani kuwa na yi masa riƙon sakainar kashi. Na ajiye lambar waya a matsayin adadi, sifilin farko ya ɓace. Na ajiye kwanan wata a matsayin rubutu, jerawa ta gagara. Kuɗin tarar jinkiri na sa shi a FLOAT, nau'in adadi mai ɗigo da ake ajiyewa a kimance, alhali a irin wannan lissafi 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, don haka kuɗi wurinsa DECIMAL, mai ajiye adadi cif. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, duk sun koma alamar tambaya, domin tsohon MySQL da tsarin haruffa na latin1 yake farawa, wanda bai san su ba. Sai a fitowa ta 8.0 aka mai da utf8mb4, wanda ya san su, ya zama na asali.

Amma wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa, shi ne na wani dare da nake sauri. Aro ɗaya nake so in nuna an mayar. Na rubuta UPDATE, umarnin gyara, na danna, ban sa WHERE ba, wato sharaɗin da ke nuna layin da za a taɓa. Rumbun bai tambaye ni ko na tabbata ba, ya aikata abin da na ce: layi sama da 2,000 suka koma an mayar, har da littattafan da ke hannun mutane. Na garzaya wurin kwafin ajiya, na tarar ya kwana sati uku, kuma ban taɓa gwada dawo da shi ba sai a daren.

Yanzu kafin in gyara ko in share wani abu, sai na fara rubuta SELECT, umarnin dubawa kawai, da sharaɗin, in ga layukan da zai shafa da idona. Sai in buɗe da BEGIN, wanda ke riƙe gyara kafin ya tabbata, in yi gyaran, in duba adadin da ya taɓu. In ɗaya nake tsammani na ga dubu, ROLLBACK ya mai da ni inda na taso. In daidai ne, COMMIT ya tabbatar da shi. Kwafin ajiya kuma kullum ake ɗauka, a wata na'ura dabam, kuma lokaci-lokaci nakan dawo da shi a rumbun gwaji don in tabbatar yana buɗuwa.

Waɗancan sati ukun da suka salwanta, da hannu muka mayar da su. Kwana huɗu muka yi ni da ma'aikacin wurin, yana karanto katunan aro ɗaya bayan ɗaya ina shigarwa, kuma duk tsawon kwanakin bai ce mini uffan a kan abin da na yi ba.