Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daminar da Na Yi a Teburin BVN

Makon jiya mun tsaya a inda wani banki ya karɓe ni in yi IT, wato aikin sanin makama da ake tura ɗalibai. Shekarar 2015 ce, ina aji uku ina karatun akanta. Burina a zaunar da ni wajen masu ba da bashi, in ga yadda abin da muke haddacewa a aji yake a zahiri. Manaja ya karanta takardata, ya tambaye ni ko ina jin Hausa sosai. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ita na tashi." Ya ce to in wuce teburin BVN.

Ga waɗanda suka taso suka tarar da ita, BVN lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, a ƙarshen zamanin Sanusi Lamido Sanusi. Za a ɗauki zanen yatsunka goma da hoton fuskarka, a ba ka lamba ɗaya, kuma da ita kowane banki zai san ka. An sa 30 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi, aka ce wanda bai yi ba ba zai iya taɓa kuɗinsa ba. Azumi kuma ya kama a tsakiyar watan. Tun da asuba mutane ke kafa layi, da yawansu daga ƙauyuka, domin akwai ƙananan hukumomin da ko reshe ɗaya babu. Da cunkoso ya yi yawa aka ɗage wa'adin zuwa 31 ga Oktoba, amma layin bai ragu ba.

Aikina shi ne cika wa mutane fom da yi musu tafinta, wata ma'aikaciya da nake kira Anti tana kan kwamfuta. A nan na fara ganin abin da har yau yake damuna.

Na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karanta yatsan manomi. Lokacin noma ne, hannun da ya wuni riƙe da fartanya ya yi kanta, zanen ya shafe. Sai mu ce ya goga yatsan a goshinsa ya ɗebo ɗan maiƙo, ya sake dangwalawa. Wani ya dace, wani a ce ya dawo gobe, alhali kuɗin motar zuwan ma ranto shi ya yi. Da Sallah ta matso kuma sai matsalar mata ta taso, domin lalle idan ya kama sosai yana hana zanen fita.

Ranar haihuwa ta fi komai cin lokaci. Wani dattijo da ya zo da katin zaɓensa a naɗe cikin leda, na ce masa, "Baba, a wace shekara aka haife ka?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wa ya rubuta? Abin da na sani, na yi aure shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, aka haifa mini ɗan fari shekarar da naira ta fito." Da ya faɗi haka sai lissafi ya zo da sauƙi: 1972 da 1973 ke nan. Muka ƙiyasta shekarunsa, sai ga shi sun yi nisa da abin da aka rubuta a katinsa, wanda kuma ya saɓa da abin da ke cikin asusunsa na fansho. Ko ɗaya ba shi ya rubuta ba. Wasu ne suka kalli fuskarsa a lokuta daban-daban suka yanke masa shekaru. Amma shi aka ce ya je kotu ya yanko takardar rantsuwa, shi zai biya.

Haka ma sunaye. Mutum ɗaya, a wannan banki Muhammadu, a wancan Mohammed, a katinsa Mamman. Wata an buɗe mata asusu da sunan mahaifinta, katinta kuma yana ɗauke da sunan mijinta. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani.

Ban taɓa ganin laifin tsarin kansa ba. Kafin zuwansa mutum yana iya cin bashi a wani banki ya gudu, ya je wani ya canza suna. A farkon 2016 ma ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta ce da taimakon BVN ta cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin albashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an zana fom ɗin kamar kowa a asibiti aka haife shi kuma kowa ya yi boko, sannan aka bar wahalar gyara a kan wanda ya fi kowa rauni.

Anti ce ta koya mini yadda ake rage musu wannan wahalar. Ta ce kada in rubuta harafi ɗaya sai na ga duk takardun mutum, kuma in karanta masa abin da na rubuta da Hausa kafin ya dangwala. Tsofaffi da masu goyo mukan shigo da su gaba, mu roƙi na layi su yi haƙuri, kuma ba kasafai ake ƙi ba. Idan netwok ya ɗauke, ni ake turawa waje in yi bayani. Na lura mutum yakan jure jira idan aka gaya masa gaskiyar dalili da harshensa.

A wata na uku aka mayar da ni ɗakin ƙirga kuɗi, inda 'yan kasuwar hatsi ke shigo da kuɗi a buhu ranar kasuwa. Labarin wannan ɗaki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.